Dokin da Babu

Jaka biyu na biya, aka rubuta sunana:
Arzika tela, Mokoyo, shekara arba'in da uku.
Mai rubutun ya dubi tumbina, ya dubi bironsa,
bai ce komai ba. Na gode masa.

Daren Juma'a ban kwanta da wuri ba.
Na yanka baƙin yadi, ragowar ɗinkin wani,
na yi wa kaina wando mai faɗin ƙafa
irin na mutanen da ke tashi sama a fim,
su taka ganye, ganyen bai ko lanƙwasa ba.

Asabar, gari na wayewa, kabu-kabu ya sauke ni.
Filin gidan matasa, siminti duk tsaga,
bedi uku, randa ɗaya, moɗa ɗaure da igiya.
Mu goma sha huɗu, duk na haife su
in ban da wani tsohon soja mai tari.

Na zaci malamin ƙato ne.
Sai ga Metir Nomau, siriri kamar sillen kara,
mai gyaran rediyo na bakin tasha,
wanda bara muka yi musu kan dala ashirin.

Ya ce, “Ku buɗe ƙafa. Ku sauka. Ku hau doki.”
Na waiga. Babu doki.
Ya ce, “Shi ɗin. Ku zauna a kansa.”

Na zauna kan iska.
Minti ɗaya, cinya ta fara gulmata,
minti biyu, gwiwa ta kai ƙara wajen ƙugu,
gumi ya bi bayan kunne yana neman hanya.
A gefena Tsahara, ƴar shekara tara,
ta kafe kamar turmi,
har tana kallon ƙadangare a bango.

Sai ɓarrr!
Ɗinkin da na yi da hannuna,
ni da angwaye ke bin layi a shagona,
ya wage baki daga gaba har baya.
Yara suka cije leɓe. Soja ya manta tarinsa.
Metir ko murmushi:
“Wando ya gaji. Kai fa? Zauna.”

Ranar ban kai naushi ko ɗaya ba.
Da dare Lantana ta gasa min cinya da ruwan zafi
tana faɗin, “Tsofai-tsofai da kai, wa ya aike ka?”
Isha'i a zaune na yi ta.

Lahadi aka koya mana faɗuwa.
Ashe ita ma karatu ce:
ka maƙale haɓa, ka ba ƙasa kafaɗa,
kar ka miƙa mata tafi kamar mai karɓar bashi.
Na faɗi sau talatin, ina lissafi.
Na tuna shagona da damina ta rushe,
da dilan yadin da ya bi wani zuwa Jibiya bai dawo ba.
Duk faɗuwar nan, ba wanda ya taɓa ce min
ga yadda ake yi.

Da la'asar ya ce in ture shi.
Na tura da duk tuwon da na ci tun yaye.
Ya ɗan kauda ƙugu, kamar mai ba amalanke hanya,
na wuce, na rungumi bedi.
“Ƙarfinka ne, ban ƙara ko dala ba.
Kana riƙe numfashi kamar kuɗin adashi.
Sake shi, wani na zuwa.”

Babu ɗamara, babu takarda.
Muka haɗa dunƙule da tafi, muka rusuna.
Tsahara ta ce, “Baba, Asabar ka zo da wando biyu.”

Litinin na buɗe shago da ƙyar,
ina tafiya kamar agwagwa.
Na ja kujera, sai na ji bayana ya miƙe da kansa.
Na saki numfashi. Na ɗauki zare.
Shekara uku sai yaron shago ya zura min,
yau ya shige kafar allura tashi ɗaya.

Baƙin wandon na nan kan keke.
Zan ninka masa ɗinki, in ƙara hantsa.